Rumfa a Kan Burtali

Alhaji Abdulmajid Mai Wake ya rasu wata Talata, kuma kafin a tashi daga zaman makoki Dogon Dutsi ta gano cewa ashe tana ƙaunarsa. Yana da rai ana ce da shi mai taurin ciniki, mutumin da zai tura hannu cikin buhun wake har gwiwa yana neman tsakuwa. Da ya mutu sai aka tuna azuzuwan lakwal, wato makarantar boko, da ya gina a Matankari, da geron da yakan raba idan rumbuna sun ƙare, da gawarwakin marasa dangi da ya yi wa likkafani. Aka kafa kwamitin karrama shi. Aikin farko da kwamitin ya yi shi ne buga dogon ƙyalle mai sunan Alhaji, da sunayen 'yan kwamitin a ƙasa.

Cikin ayyukan Alhaji akwai guda da 'yan kasuwa ba su taɓa gane masa ba: ya sayi ƙasa bai shuka komai ba.

A Tungar Kalgo, kusa da Dumega, akwai tsohuwar rijiya, akwai kuma burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki su kai ga ruwa. Kowace damina mai gona yakan ƙara layin shuka ɗaya a cikinta, don layi ɗaya ba sata ba ne. Haka aka yi ta yi har hanyar ta koma ta akuya. Wata shekara shanu suka faɗa gonar wani manomi mai suna Abdu, aka fito da gatura da sanduna, aka binne mutum biyu: ƙanen Abdu, da ɗan Arɗo Auwal, shugaban Fulanin wurin. Bayan jandarma sun gama rubuce-rubucensu sun tafi, Alhaji ya zo. Ya sayi gefen gonar Abdu, ya yanki gefen gonar gidansu, ya buɗe burtalin, ya dasa aguwa hagu da dama ta zama shinge. Ya sa wa rijiyar famfo mai aiki da hasken rana, ya gina kwamaye na siminti inda shanu za su sha. Tun daga nan ba a sake binne kowa ba.

A nan kwamiti ya ga ya dace a yi taron, ranar addu'ar arba'in.

Nuraddeen, babban ɗan Alhaji, ma'aikacin biro ne, wato ofis, a Yamai. Ya aiko da kuɗi, ya bar shiri a hannun ƙanen mahaifinsa, Baba Luƙman, wanda shi ke noma gonar gidan. Da hantsi ya iso, cikin farar shadda, jawabinsa a aljihu. Ya fito daga mota, ya tsaya, ya kasa rufe ƙofar.

Damina ta ɗauke da wuri a bana. Tabkuna sun ƙafe, gero ya nuna amma ba a yanke ba, yana tsaye ko'ina ya fi mutum tsawo. A duk faɗin wurin fili ɗaya ne babu shuka, shimfiɗaɗɗe, mai yashi, kamar don taro aka yi shi. A kansa aka kafa manyan rumfuna na tanti, aka jera kujeru, aka shimfiɗa darduma. An sare aguwar gefe biyu, an tara ta can baya.

"Baba," in ji Nuraddeen, "wanga ai burtali ne."

"Yau dai wurin taro ne," in ji Baba Luƙman, yana gyara hula. "Ko cikin hatsi kake so in zaunar da baƙin Dosso?"

"Aguwar fa?"

"Tana ɓata hoto. Kuma motoci na son wurin juyawa."

"Shanun ina za su bi?"

"Na aika ma Arɗo ya riƙe su sai la'asar. Kai Nura, ka daɗe cikin birni, komai tsoro yake ba ka. Fenti munka yi ma rijiya, munka zuba siminti ga allon suna. Tun shekaranjiya ruwan a rufe yake, ba wanda ya mutu."

Nuraddeen ya juya wajen rijiyar. Kwamayen cike suke taf, ruwa har yana zuba ƙasa yana bin yashi. Wani ya kunna famfo tun safe.

Wanda ya kunna shi ne Mushe Yasir, wato Malam Yasir a bakin 'yan lakwal, malamin makaranta mai ritaya, sakataren kwamiti, mutumin da bai taɓa ganin makirfo ya wuce ba. Ya taho da fara'a.

"Darakta! Ka ga ruwa? Na ce a cika, in babban baƙo ya zo ya ga abu na ƙyalli. Kwami ba ruwa ai ba ya shiga talabijin."

Nuraddeen ya bi ruwan da ido. Yana yaro mahaifinsa yakan kawo shi nan hutu, ya san abin da saniya mai ƙishirwa take yi idan iska ta kai mata ƙamshin ruwa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙyallen da ke kaɗawa. Arewa iskar ta nufa, wajen rugar Fulani.

Ta gefen yamma, inda aka sare shingen, mutane na tsaye a bakin gero. Abdu ne, ya tsufa ya rame, da 'ya'yansa maza uku. Ba su sa rigar taro ba. Kowane da gatari a kafaɗa, irin riƙon da mutum zai ce itace za shi nema, in an tambaye shi.

Nuraddeen ya je ya rusuna ya gaishe shi.

"Ɗan Alhaji, ya ƙarin haƙuri?" in ji Abdu. "Allah shi jiƙan tsoho."

"Amin, Baba Abdu. Ba ku zamna ba?"

"Muna gani daga nan." Ya nuna kututtukan aguwa da haɓa. "Jiya da marece anka sare. Na ce mi ya sa, anka ce min hoto. Ni ban san hoto ba. Wanga gero shi ne abincin gidana har baɗi. Ubanka na da hakki gare ni, shi ya sa na taho da kaina, ban bar yaran ga su kaɗai ba. Amma in ƙafa huɗu ta taka min hatsi, ba ni iya riƙe su. Ban ma ce ina so in riƙe su ba."

Babban ɗan nasa ya gyara riƙon gatari. Sunan ƙanen Abdu da aka kashe aka sa masa, kuma duk garin an sani.

Ana cikin haka jiniya ta tashi. Babban baƙo daga Dosso ya iso, mutane suka ruga tarya, aka ja Nuraddeen da hannun riga aka kai shi kujerar gaba. Liman ya buɗe da addu'a. Mushe Yasir ya kama makirfo, ya fara gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, kowa da muƙaminsa, da Hausa, sannan ya sake da Faransanci don kada wani muƙami ya ji an rage shi.

Yana cikin haka wani dattijo dogo ya ɓullo ta bayan rumfa, da malfa da sanda, yana haki. Masu tsaron ƙofa suka tare shi don ba shi da takardar gayyata. Nuraddeen ya gane shi, ya tashi.

"Arɗo, lafiya?"

"Ɗan Alhaji, ba lafiya ba." Arɗo Auwal ya share baki da bayan hannu. "An ce la'asar, mun yarda. Jiya mun kai su tabkin gabas, laka ce. Sun kwana suna kuka. To wa ya buɗe ruwa?"

"An yi kuskure."

"Sun ji shi. Sun ɓalle. Samari na gabansu suna dukan hanci, amma ba su tsayawa. Ni ta gonaki na yanko in riga su." Ya leƙa ya ga rumfuna, ya ga kujeru, sannan ya ga wurin da aguwa take a da. A can ya hango Abdu da gaturan. "Samarina ma da sanduna suke," ya ce a hankali. "Jikana na cikinsu. Ɗan wancan da anka binne."

"Sun kai ina?"

"Ka saurara."

Ƙarƙashin muryar Mushe Yasir akwai wata ƙara, ƙasa-ƙasa, kamar ana daka a gari mai nisa.

Baba Luƙman ya iso yana murmushin da ake yi don baƙi, yana magana ta tsakanin haƙora. "Arɗo, mun yi da kai. Ka koma ka kore su. Ko ku bi da su ta wani wuri."

"Ta ina, Luƙman? Ta sama?"

"Baba, a ɗauke rumfunan," in ji Nuraddeen.

"Kana hauka? Mutum ya taso tun daga Dosso, ka ce mai tashi shanu za su wuce? Ubanka ake girmamawa! Kana so a yi ta ba da labari har jikokinka, an watse taron Abdulmajid saboda dabbobi?"

Gaskiyar Baba Luƙman ce ta wani gefe. Za a ba da labarin. A Dogon Dutsi an fi riƙe abin kunya fiye da abin kirki, don ya fi daɗin faɗa a bakin shayi. Nuraddeen ya dubi layin gaba, manyan riguna da tabarau, da mai ɗaukar hoto a durƙushe. Ya dubi burtalin. Can inda ya lanƙwasa, tsuntsaye sun tashi daga cikin gero gaba ɗaya.

In shanun suka iso suka tarar da rumfa a gabansu, ba tsayawa za su yi ba. Rabewa za su yi, rabi gabas cikin gonar gidan Alhaji, rabi yamma cikin gonar Abdu.

Ya taka ya je wurin Mushe Yasir, wanda ya kai ga mataimakin ma'ajin ƙungiyar 'yan kasuwa, ya karɓe makirfon daga hannunsa. Sai da ya ɗan murɗa kafin malamin ya saki.

"Jama'a, ku gafarce ni," ya ce. "Kan hanyar shanu muke zaune, kuma shanun na tafe da gudu, ba su sha ruwa ba. Samari, ku kama ƙafafun rumfunan ga, ku ɗaga su yadda suke, ku shiga da su gonarmu, nan gabas. Kujeru ku jefa su can."

"Gerona!" in ji Baba Luƙman. "Nura, gerona ne a nan!"

"Na gidanmu ne, Baba. Shi ba wanda zai mutu a kansa." Ya koma ga makirfo. "Sauran kuma, ina roƙo. An sare shingen gonar Baba Abdu. Duk wanda ya zo don mahaifina, ya taso ya tsaya a bakin gonar, kafaɗa da kafaɗa, har shanun su wuce. Wanda bai iya ba, ya shiga mota, ba laifi."

Aka yi tsit. Sannan aka ji ƙarar da kyau, har ruwan robobin da ke kan tebur yana rawa.

Masu shiga mota sun fi saurin yanke shawara. Mataimakin ma'aji, wanda aka katse gaisuwarsa, shi ya fara isa, ya kuma kulle ƙofa. Samarin ƙauye suka ɗaga rumfar farko, ta tafi tana tangaɗi bisa kawunansu ta nutse cikin geron Baba Luƙman, karan yana karyewa. Nuraddeen ya ajiye makirfo a ƙasa, ya je ya tsaya a kan kututturen aguwa, bayansa ga gaturan 'ya'yan Abdu, shi kaɗai.

Liman ya taso ya tsaya kusa da shi. Wasu mata biyu da suka zo da ƙwaryar fura suka ajiye suka zo. Sai babban baƙon ya miƙe, ya cire tabarau ya ba direbansa, ya naɗe hannun riga, ya shiga layi. Ganin haka, mutane da dama suka tuna cewa su ma dama niyyarsu ke nan. Layin ya yi tsawo, amma bai kai ba. Wajen rijiya saura gibi mai faɗi.

"Ƙyallen!" in ji Nuraddeen. "Mushe, ƙyallen!"

Mushe Yasir da wani tela suka ciro dogon ƙyallen, suka ja shi suka toshe gibin, sunan Alhaji na kallon hanya, sunayen 'yan kwamiti na jan ƙasa.

"Kada kowa ya yi ihu," Arɗo ke faɗa yana bin layin. "Kada ku kaɗa riga. Ku tsaya kamar itace. Wanda ya gudu shi za su bi."

Suka ɓullo daga lanƙwasar. Jajaye ne, masu dogayen ƙaho, haƙarƙari a waje, bakinsu na kumfa. Samarin Fulani na gudu a gefensu, sun daina ƙoƙarin tare su. Ƙasa ta ɗauki rawa. Na gaba suka taka dardumar suka tafi da ita. Kujerun da ba a kwashe ba suka dinga fashewa. Ƙaho na wucewa dab da ƙirjin mutane, wani ɗan kasuwa ya rufe ido yana ta salati da ƙarfi, wani ya jiƙa wandonsa amma bai motsa ba, abin da ya kamata a rubuta masa a cikin ayyukan alheri. Waɗanda hanya ta yi wa kaɗan suka fantsama gabas, cikin geron gidan Alhaji, inda Baba Luƙman ke tsaye bisa kujera ya ɗora hannu a ka.

Sai wata karsana, da manya suka matse, ta juyo yamma. Ta sa kai tsakanin Nuraddeen da Liman. Nuraddeen ya kama ƙahonta da hannu biyu, ta watsar da shi, goshinsa ya bugi kututture. Ta sa ƙafafun gaba cikin gonar Abdu, ta fizgi zangarniya guda.

Babban ɗan Abdu ya ɗaga gatari daga kafaɗa. A ɗaya gefen wani saurayi siriri, jikan Arɗo, ya tsallako da sanda a sama, idonsa ba a kan karsanar yake ba.

Nuraddeen ya tashi a kan gwiwa a tsakaninsu. Jini ya rufe masa ido ɗaya, yana sauka kan shaddar. Hannu kawai ya ɗaga, ɗaya nan ɗaya can, yana cewa, "Don Allah. Don Allah."

Arɗo ya yi wani kira daga maƙogwaro. Karsanar ta ɗaga kunne, ta ja da baya, ta bi 'yan uwanta da zangarniyar a baki. Sannan ya yi wa jikansa magana da Fulatanci, gajeriya, sandar ta sauko.

Gatarin bai sauko ba. Abdu ya dubi ɗansa, ya dubi karan da ya karye, ya daɗe yana duban jinin da ke ɗiga kan yashin gonarsa.

"Aje," ya ce.

"Baba, ta ci."

"Na gani. An zub da jini kuma, ga shi nan. Ya isa. Aje."

Yaron ya ajiye.

Can wajen rijiya shanun sun jeru a kwamaye, ba ka jin komai sai zuƙar ruwa. Mutanen layi suka fara duba jikinsu, kowa na mamakin samun kansa cikakke. Masu mota suka fito suna ba da shawara kan yadda ya kamata a yi.

Arɗo ya zo gaban Abdu ya tsaya, ya cire malfa. Rabon da su yi magana tun shekarar da aka yi binnewar.

"Ɓarna ta shiga gonarka," ya ce. "A kira masu gani su yanka, in biya."

Abdu ya tsinke ragowar karan ya jefar. "Zangarniya guda? Alhaji na tauna fiye da haka in ya zo taya hatsi, yana cewa ɗanɗanawa yake." Ya juya ga Nuraddeen, wanda wata mata ke ɗaure wa kai da gefen mayafinta. "Ɗan Alhaji, yanzu sun sha. Da marece za su komo ta nan, gobe ma haka. Mutanen ga naka masu manyan riguna kwana za su yi tsaye?"

Nuraddeen ya dubi tarin aguwar da aka sare. Aguwa ba ta da wuya, reshe kawai ake kafawa a ƙasa.

"A kawo hauyoyi," ya ce.

"Jawabin fa, Darakta?" in ji Mushe Yasir, ya rungume ƙyallen da ƙaho ya tsaga. "Da buɗe allon suna? Saniya ta taka simintin, bai bushe ba, kofato ya fito sarai kusa da sunan!"

"A bar shi. Jawabin kuma karanta ka, Mushe, muna ji."

Ya zaro takardar ya miƙa masa. Haka aka ƙare taron: Mushe Yasir bisa kujera mai ƙafa uku yana karanta kyawawan halayen marigayi ba makirfo, jama'a a duƙe suna haƙa rami. Abdu na nuna inda iyaka take, Arɗo na bin bayansa yana cewa a'a, a matsa yamma kaɗan, Abdu na cewa ƙarya ne, suna ta yi. Baba Luƙman bai dasa ba. Yana cikin geronsa yana ɗaga karan da ya kwanta ɗaya-ɗaya, ba ya amsa gaisuwar kowa, kuma bai sake yi wa Nuraddeen magana ba har bayan girbi.

Ruwan aguwa fari ne, mai danƙo, in ya taɓa tufa ba ya fita. Har yanzu a Dogon Dutsi akan ga mutum ranar Juma'a da shadda mai tabo a hannun riga, kuma ba ya jira a tambaye shi. Masu tabon sun ɗan fi waɗanda suka tsaya a layin yawa.